Kafanchan da Zaɓen 2027: Inda Jita-jita Ke Riga Hukuma Isa Gari

Yayin da jam'iyyun siyasa suka fara ɗaura ɗamarar babban zaɓen 2027, hankalin jama'a ya fi karkata ga Abuja, inda ake lissafin wanda zai tsaya da wanda ya sauya sheƙa. Sai dai mai son sanin irin jarrabawar da ke jiran dimokuraɗiyyar Najeriya a wannan zamani na yaƙe-yaƙe da labaran ƙarya zai fi ƙaruwa idan ya duba Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a a kudancin Jihar Kaduna. Garin ya bunƙasa ne tun shekarun 1920 a matsayin mahaɗar layin dogo, inda titin jirgin da ya taso daga Fatakwal ke rabuwa, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya nufi Jos. Jirgin ya tara Fantswam da Kaninkon da Bajju da Kagoro da Hausawa da Fulanin masarautar Jema'a da Ibo da Yarbawa a kasuwa ɗaya. Shekaru kusan arba'in ke nan kuma garin yana ɗanɗana abin da ke faruwa idan labari ya riga gaskiya isa kunnen mutane.

A ranar 6 ga Maris, 1987, saɓani ya tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kiristoci a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan kalaman wani mai wa'azi. Faɗan ya fita daga makaranta ya shiga gari. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kama Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kaduna, aka ƙona majami'u fiye da 100 da wasu masallatai, aka yi asarar rayuka. Shugaban mulkin soja na wancan lokaci, Janar Ibrahim Babangida, ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulki irin na farar hula. Masu nazarin da suka bi diddigin rikicin sun ɗora wani kaso na laifin bazuwarsa a kan rahotannin rediyo da aka riƙa maimaitawa daga Kaduna, waɗanda suka zuzuta ɓarnar da aka yi a Kafanchan fiye da yadda take. Babu wayar salula a lokacin, balle intanet. Akwatin rediyo da bakin direbobin tasha sun wadatar.

Bayan shekaru 30, sunan wannan kwaleji, wadda yanzu take Gidan Waya, ya sake fitowa. A watan Janairun 2017, Audu Maikori, lauya kuma mai kamfanin waƙoƙi na Chocolate City, ɗan asalin yankin, ya wallafa a Twitter cewa makiyaya sun kashe ɗalibai biyar na kwalejin. Labarin ya zagaya ƙasa kafin hukumar makarantar ta fito ta ce babu ɗalibinta da aka kashe. Daga baya Maikori ya janye maganar, ya nemi gafara, ya ce direbansa ne ya shirga masa ƙarya. Duk da haka 'yan sanda sun kama shi a Legas a watan Fabrairu bisa ƙorafin gwamnatin Jihar Kaduna. Ɗan jarida Luka Binniyat, wanda ya rubuta labarin a jaridar Vanguard, ya shafe kimanin watanni uku a gidan yari. A watan Oktoban shekarar, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa an tauye wa Maikori haƙƙinsa, ta ba shi diyyar naira miliyan 40, kodayake Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage kuɗin daga baya.

Wannan lamari ya ƙunshi matsalar gaba ɗayanta. Labarin ƙarya ne, kuma irinsa na iya sa a tare hanya a kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Gwamnati tana da hujjar damuwa. Amma hanyar da ta bi ta mayar da wanda ya yaɗa kuskure gwarzo a idon mutanensa, ta kuma ƙarfafa zargin da ke zukatan da yawa cewa hukuma ta fi zafin nama wajen kama mai magana fiye da kama mai bindiga. Har yau akwai waɗanda ke tuna kamun, sun manta cewa ɗaliban nan biyar ba su taɓa mutuwa ba.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce abin da ya sa mutane masu hankali, har da lauya da ɗan jarida, suka gaskata labarin nan take. Amsar tana cikin watannin da suka gabace shi. A ƙarshen 2016 an yi ta kai hare-hare a ƙauyukan Jema'a da Kaura da Zangon Kataf, ciki har da harin Goska a jajibirin Kirsimeti, har gwamnati ta sanya dokar hana fita ta sa'o'i 24. Darikar Katolika ta Kafanchan ta ce mutum 808 aka kashe. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta ce 204 ne. Rundunar 'yan sanda ta musanta adadin cocin. Shugabannin Fulani kuma suka ce ba a ƙirga nasu mamatan da shanunsu ba. Tsakanin 204 da 808 akwai rayuka 604, kuma babu wata hukuma da ta zauna ta fitar da sunaye, ƙauye bayan ƙauye, ta yadda kowane ɓangare zai duba ya ce haka ne. A irin wannan fili, ƙarin gawa biyar ba abin mamaki ba ne ga kowa. Hausawa kan ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma a ƙasar da ba a ajiye lissafin mamata, takan yi 'ya'ya har da jikoki.

Wannan giɓi ya daɗe. Rikicin Zangon Kataf na Fabrairu da Mayun 1992, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa matsuguni, ya haifar da kwamitin bincike na Mai Shari'a Rahila Cudjoe, sannan a 1995 aka kafa kwamitin sulhu a ƙarƙashin Air Vice Marshal Usman Mu'azu. Sai a shekarar 2020, bayan shekaru 28, gwamnatin jihar ta kafa kwamitin da zai rubuta matsayarta a kan waɗannan rahotanni, matakin da shi ma ya tayar da sabuwar ƙura. Yaron da aka haifa a shekarar rikicin ya yi aure ya haihu bai taɓa jin hukuncin hukuma a kan abin da ya faru a garinsu ba. Abin da ya sani shi ne abin da aka gaya masa a gida, kuma gidan Atyap da gidan Bahaushen Zango ba labari ɗaya suke bayarwa ba.

Zaɓe shi ne lokacin da duk waɗannan tsofaffin basussuka ke tasowa a tare. An kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa a ranar 16 ga Afrilu, 2011, kuma masu sa ido na ciki da waje sun yaba da zaɓen fiye da na 2007. Amma da sakamako ya fara nuna Goodluck Jonathan a gaban Muhammadu Buhari, tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe fiye da mutum 800 a jihohi 12 cikin kwanaki uku, wasu 65,000 suka rasa matsuguni. Fiye da 500 daga cikin mamatan sun faɗi ne a kudancin Kaduna, a garuruwa irin su Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, kuma a can galibinsu Musulmi ne, yayin da a garuruwan arewa Kiristoci da majami'unsu da magoya bayan jam'iyya mai mulki suka fi shan wuya. Babbar kasuwar Kafanchan ta ƙone. Dole aka ɗage zaɓen gwamna a Kaduna da Bauchi zuwa 28 ga Afrilu, zaɓen da ya tabbatar da Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Ƙaramar Hukumar Jema'a, a matsayin zaɓaɓɓen gwamna na farko daga kudancin jihar.

Abin lura a nan shi ne kisan Zonkwa da Kafanchan bai taso daga gardamar akwatin zaɓe a Zonkwa ko Kafanchan ba. Labarin abin da ake yi wa "namu" a wani gari mai nisa ne ya iso, ta kiran waya da saƙon tes da bakin waɗanda suka tsere, wani sashe gaskiya, wani sashe ƙari, kowane ɓangare kuma ya ɗauka cewa idan bai riga ba za a riga shi. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu, jihar ma ta kafa nata. Amma a 2013 Human Rights Watch ta sake fitar da rahoto a kan Kaduna da Filato, ta nuna cewa ƙalilan ne ƙwarai aka gurfanar a kan kashe-kashen. Taken rahoton ya fito ne daga abin da waɗanda aka zalunta ke yawan faɗa, wato sun bar wa Allah komai.

Ba kowa ne ya bar wa Allah ba. A watan Disambar 2016, Gwamna Nasir El-Rufai ya bayyana cewa wasu daga cikin hare-haren da ake kaiwa a yankin ramuwa ce ta makiyaya daga ƙasashe maƙwabta waɗanda rikicin 2011 ya rutsa da su a kan hanyar kiwo, kuma gwamnatinsa ta bi sawunsu ta biya wasu diyya domin su daina. Maganar ta fusata al'ummomin kudancin jihar, waɗanda suka ga kamar an saka wa mai kisa ne aka bar wanda aka kashe wa. Ko yaya mutum ya kalli wannan mataki, ya nuna cewa kwana uku na tarzomar zaɓe sun ci gaba da cin rayuka shekaru biyar bayan an rantsar da wanda ya ci.

A 2019 aka sake ganin wani salon. A ranar Juma'a 15 ga Fabrairu, jajibirin ranar da aka tsara zaɓen shugaban ƙasa, gwamnatin jihar ta sanar da cewa an kashe mutum 66 a Ƙaramar Hukumar Kajuru, daga baya ta ce adadin ya kai 130, kuma Fulani ne. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN da wasu masu fafutuka suka yi shakkar adadin da kuma lokacin da aka zaɓa aka faɗe shi. Al'ummar Adara suka ce su aka fara kai wa hari a Unguwar Barde kwanaki kaɗan kafin nan. Ƙungiyar Miyetti Allah ta fitar da nata jerin sunayen. Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, ta ɗage zaɓen da mako guda saboda matsalar kai kayan aiki, aka kaɗa ƙuri'a cikin wannan gardama, hare-haren ramuwa kuma suka biyo baya. A wannan karo hukuma ce ta fara magana, amma da yake rabin jama'a na kallonta a matsayin ɓangare a rikicin, sanarwarta ta zama ɗaya daga cikin labaran da ke yawo.

Alƙaluman 2023 sun nuna dalilin da ya sa wannan batu ya wuce na tarihi. A zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris, Sanata Uba Sani na APC ya samu ƙuri'u 730,002, Isa Ashiru na PDP ya samu 719,196. Tazarar ba ta kai 11,000 ba a jihar da ke da masu rajista fiye da miliyan huɗu. A zaɓen shugaban ƙasa kuwa Atiku Abubakar ne ya lashe jihar, Peter Obi na jam'iyyar Labour ya kwashi ƙuri'u masu yawa a kudanci. A jihar da ƙauyuka ƙalilan za su iya sauya sakamako, saƙon murya guda da ke cewa an ga baƙin fuska a bakin rafi ya isa ya hana mata da tsofaffi fita rumfar zaɓe, kuma babu kotun da za ta iya ƙirga ƙuri'ar da tsoro ya hana kaɗawa. An kai ƙarar zaɓen gwamnan har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da nasarar Uba Sani a Janairun 2024, kuma abin yabo ne cewa a wannan karo a kotu aka yi faɗan.

Sai dai INEC ta yi wa kanta rauni a wannan zaɓe. Ta yi alƙawarin cewa na'urar BVAS za ta tantance masu zaɓe, a kuma ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa a rumbun intanet na IReV nan take. A ranar 25 ga Fabrairu, sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya maƙale, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Kotuna sun yanke cewa doka ba ta wajabta aika sakamakon ta intanet ba, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da zaɓen Shugaba Bola Tinubu a ranar 26 ga Oktoba, 2023. Ta fuskar shari'a magana ta ƙare. Ta fuskar amana kuwa, sa'o'in da rumbun ya yi shiru sun buɗe wa takardun sakamako na jabu ƙofa a WhatsApp, kowa ya riƙe wadda ta yi masa daɗi. Kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne kawai suka fito a faɗin ƙasa, adadi mafi ƙanƙanta tun komawa mulkin farar hula a 1999. Wannan ne gadon da Farfesa Joash Amupitan ya tarar da ya karɓi shugabancin hukumar a Oktoban 2025.

A matakin ƙananan hukumomi labarin ya fi ban takaici. Kaduna ce jiha ta farko da ta yi zaɓe da na'urar kaɗa ƙuri'a, a 2018 da 2021. Na'urorin ba su tsira daga ƙorafi ba, amma jam'iyyar adawa ta lashe wasu ƙananan hukumomi, galibinsu a kudancin jihar. A 2024 aka gyara doka aka koma takarda, kuma a zaɓen watan Oktoba jam'iyya mai mulki ta lashe kujerun shugabanni 23 da na kansiloli 255, babu ko ɗaya da ya kuɓuce. 'Yan adawa sun yi watsi da sakamakon. Kaduna ba ita kaɗai ba ce a wannan ɗabi'a, domin kusan kowace jiha haka take yi ko wace jam'iyya ce ke mulki. Amma a yankin da shugaban ƙaramar hukuma shi ne jami'in da ake fara kira idan an kai hari da tsakar dare, ana buƙatar mutumin da jama'a suka yarda su suka zaɓe shi, domin idan ya ce labari ƙarya ne a saurare shi.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika kulawa da shi ba. Kudancin Kaduna na da harsuna da dama, amma Hausa ce ta kasuwa da tasha, ita ce kuma ta huɗuba a masallaci da wa'azi a yawancin majami'u. Saƙon murya da Hausa yana ratsa kowace ƙabila, yana isa ga wanda bai iya karatu ba, kuma yana zuwa ne daga ɗan'uwa ko abokin ibada. Kamfanonin da ke da waɗannan dandali sun daɗe ba su da isassun masu jin harshen. Binciken da BBC ta yi a kan rikicin Filato na Yunin 2018, jihar da ke maƙwabtaka da Jema'a da Kaura da Sanga, ya gano cewa hotunan gawarwakin da suka harzuƙa matasa a Facebook sun haɗa da wanda aka ɗauka shekaru da suka wuce a Kongo Brazzaville, kuma a lokacin mutum huɗu ne kacal ke tantance labarai wa kamfanin a duk Najeriya, babu mai jin Hausa a cikinsu. An samu ci gaba tun daga nan. Dubawa da Cibiyar Dimokuraɗiyya da Ci Gaba ta CDD suna bin diddigin labarai, an kuma samu kafar Alkalanci da ke wannan aiki da Hausa zalla. Amma mai tantancewa yana aiki ne da abin da ya gani a fili, alhali mafi haɗarin saƙonni suna yawo ne a rufaffun zaurukan WhatsApp na unguwa da na ƙungiyoyin ƙabila. Ga kuma kuɗi: gabanin zaɓen 2023 wani binciken BBC ya nuna yadda jam'iyyu ke biyan masu tasiri a kafafen sada zumunta a asirce domin yaɗa ƙage a kan abokan hamayya.

A da, kayan da ake ƙulla jita-jita da su na gida ne. Yanzu duniya ce ke kawo su. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya tsauwala farashin taki da alkama, janye tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙara nauyi, sannan a daminar wannan shekarar cutar da ta afka wa citta ta lalata gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, yankin da ya fi ko'ina noman citta a Najeriya. Manomin da ya yi asarar jarinsa a shekarar da aka yi zaɓe yana da dalilin tambayar abin da ƙuri'arsa ta tsinana masa. A daidai wannan lokaci sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar a ranar 26 ga Yuli, 2023, bayan Mali da Burkina Faso, kuma ƙasashen uku suka kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. Wayoyin matasa suka cika da bidiyoyin yabon Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso, waɗanda masu bin diddigi suka tabbatar cewa da yawansu an haɗa su ne da ƙirƙirarriyar basira ko an ɗauko hotunan gine-ginen wasu ƙasashe an jingina masa. Saƙon da ke ƙarƙashinsu ɗaya ne: soja na aiki, ɗan siyasa na ci. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 an ga tutocin Rasha a titunan Kano da Kaduna, har gwamnatin jihar ta sanya dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Ofishin jakadancin Rasha ya nesanta kansa da lamarin. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, wanda asalinsa ɗan Zangon Kataf ne, ya ce ɗaga tutar wata ƙasa laifin cin amanar ƙasa ne.

Daga Yamma kuma wata iskar ce ke kaɗawa, kuma ita ta fi shafar Kafanchan kai tsaye. A ranar 31 ga Oktoba, 2025, Shugaba Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, jerin da aka sanya ta a 2020 aka cire ta a 2021, washegari kuma ya yi barazanar ɗaukar matakin soja a kan abin da ya kira kisan Kiristoci. Gwamnatin Tarayya ta yi watsi da zargin kisan ƙare dangi, tana cewa 'yan ta'adda da 'yan bindiga na kashe Musulmi da Kirista. Sunan kudancin Kaduna yana cikin waɗanda aka fi ambata a wannan muhawara a majalisar dokokin Amurka. Ga wanda ya binne 'yan'uwansa a Kaura ko Zangon Kataf, jin cewa wata babbar ƙasa ta ambaci kukansa abu ne mai sanyaya zuciya, kuma babu mai ikon ce masa kukan ƙarya ne. Ga wanda ya tsere daga Zonkwa a 2011 bai sake komawa ba, ko makiyayin da aka ƙone wa ruga, labarin da ake bayarwa a Washington ya share shi daga tarihi. Alƙaluman da ake jifan juna da su a can sun fito ne daga ƙungiyoyi masu zaman kansu, ana kuma gardama a kan yadda aka tattara su. Tsohuwar matsalar 204 da 808 ce ta haye teku, kuma babu shakka za ta dawo gida a matsayin kayan yaƙin neman zaɓe.

Martanin da hukumomi suka fi saurin ɗauka, wato toshewa da kamu, an gwada shi. An dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An katse layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna a ƙarshen 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, lamarin da ya hana mazauna ƙauyuka ma kiran neman agaji. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka riƙa tuhumar 'yan jarida da shi, sai da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024.

Abubuwan da suka fi yin tasiri ba su da amo irin wannan. A ranar 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jema'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf suka rattaba hannu a kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan, bayan tattaunawar da cibiyar sulhu ta HD mai mazauni a Geneva ta jagoranta. Har allon neman gafarar juna suka kafa a Samarun Kataf. Yarjejeniyar ba ta hana zubar da jinin ƙarshen shekarar ba, amma ta bar wani abu mai amfani: ardo da mai unguwa da fasto da limami da shugabar mata waɗanda suka san juna, suke iya kiran juna su tambaya ko abin da ake faɗa gaskiya ne. A 2017 aka kafa Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna a ƙarƙashin Archbishop Josiah Idowu-Fearon. A Agustan 2020 Agwatyap, Dominic Gambo Yahaya, ya tara Atyap da Fulani da Hausawa a teburi ɗaya. Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta jihar ta kuma ɓullo da al'adar fitar da rahoton shekara, inda ta ce an kashe mutum 937 a 2020 da 1,192 a 2021, tare da rarraba adadin bisa shiyyoyi. Wasu sun yi jayayya da alƙaluman, amma aƙalla an samu takardar da za a yi jayayya a kanta. A matakin ƙasa ma, Kwamitin Zaman Lafiya da ke sa 'yan takara rattaba hannu kafin kowane babban zaɓe tun 2015 yana tafiya ne a hannun Janar Abdulsalami Abubakar da Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda shi ma ɗan Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf ne.

A 'yan shekarun nan zafin siyasar yankin ya ragu. Gwamna Uba Sani ya sassauta harshe tsakanin gwamnati da shugabannin kudancin jihar, Gwamnatin Tarayya ta amince da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan da jami'ar tarayya a Kachia a 2025, Janar Musa kuma ya zama Ministan Tsaro a ƙarshen shekarar. Waɗannan sun rage jin cewa an mayar da yankin saniyar ware. Amma satar mutane ba ta tsaya ba a sassan Kachia da Kauru da Kajuru da Kagarko, kuma kwanciyar hankalin da ta dogara ga kyakkyawar alaƙar manyan mutane takan girgiza da zarar an shiga rabon tikiti.

Ayyukan da ke gaban hukumomi kafin ranar zaɓe sanannu ne. Akwai dubban mutanen da suka bar ƙauyukansu suna zaune a gidajen dangi a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Mararraban Rido, ba a sansanin da hukuma ta sani ba, da yawansu katin zaɓensu ya ƙone tare da ɗakunansu, rumfunansu kuma suna wuraren da ba za su iya zuwa ba. Idan INEC ba ta bayyana tun da wuri inda za su kaɗa ƙuri'a ba, wani zai bayyana musu a WhatsApp cewa da gangan aka cire su. Akwai buƙatar a liƙa takardar sakamako a kowace rumfa a gaban wakilan jam'iyyu, hotonta kuma ya hau rumbun hukumar kafin dare, idan an samu cikas a faɗi dalili a cikin sa'a guda da Hausa a gidajen rediyon yankin. Rundunar 'yan sanda da dakarun da ke aikin tsaro a yankin na buƙatar bakin da zai yi magana da wuri bayan kowane hari, da sunan ƙauye da adadin da aka tabbatar, ko da adadin bai yi wa gwamnati daɗi ba.

Matasan da za su fara kaɗa ƙuri'a a 2027 an haife su ne tsakanin 2005 da 2009. Mafi ƙanƙantarsu suna goye a baya lokacin da kasuwar Kafanchan ta ƙone. Abin da suka sani game da Afrilun 2011 sun ji shi ne a gida, ko sun gani a waya, kuma har yanzu babu jerin sunayen mamatan Zonkwa da Matsirga da Kafanchan da ɓangarorin biyu suka amince da shi wanda za a iya nuna musu.